Keken Suwaiba a Gefen Kanal

Duk mai bin titin Princess Road da safe lokacin hunturu ya taɓa ganinta, ko da bai san sunanta ba. Mace ce gajeriya mai ɗan jiki, ta ɗora hular kwano a saman hijabi, tana tuƙa keke a gefen titi ba gaggawa, motoci na wuce ta suna watsa mata ruwa. Sunanta Suwaiba. Nas ce a wajen wani GP, wato likitan unguwa, da ke kusa da tsakiyar Manchester, ita ke ɗibar jini da yi wa yara allura. Har ta kai shekara arba'in da bakwai a duniya ba ta taɓa ɗora ƙafarta a kan feda ba.

A Ɗambatta aka haife ta. A gidansu keke na maza ne. Iyakar saninta da shi, mahaifinta ya ɗora ta a kan kariyar bayan kekensa in za a kai ta asibiti, ta rungume shi ta baya, yana ce mata ta ɗage ƙafafunta kar taya ta kama. Ta yi karatun jinya a Kano, a can kuma Sanda ya gan ta, lokacin da ya kawo ƙaninsa da ya karye a hannu. Injiniyan ruwa ne, dogo, marar yawan magana. Ba a daɗe da ɗaura musu aure ba ya samu tallafin ƙaro karatu a Birmingham, suka taho tare.

A Selly Oak suka sauka, ɗaki ɗaya a saman wani gida da ke bayan Bristol Road, kicin kuwa na kowa da kowa ne, ita da ɗalibai samari waɗanda ba su san a wanke tukunya ba. A nan Sanda ya sayi tsohon keke a hannun wani ɗalibi da ya gama karatu zai koma ƙasarsu. Da wannan keken ya gano kanal, wato hanyoyin ruwan nan da aka haƙa tun zamanin da don jiragen dakon kaya, kowanne da 'yar siririyar hanya a gefensa. Ta nan yake bi zuwa jami'a a Edgbaston. Ranar da ya fara bi ya dawo yana zuba surutu kamar ba shi ba, yana yi mata bayanin ƙofofin da ake tare ruwa da su har jirgi ya hau tudu. Ita kuwa takalminsa take kallo, ya jiƙe sharkaf. Ba su da halin sayen kayan ruwa a lokacin, sai ya riƙa zura ƙafarsa a ledar burodi kafin ya sa takalmi.

Bayan an haifi 'yarsu Hanan, ya gama karatu ya samu aiki a Manchester, suka koma Moss Side, cikin gidajen nan na jan bulo masu manne da juna. Ita ma ta yi jarrabawar da ake buƙata ta fara aikin jinya. Sun sayi mota daga baya, amma sai ranar cefane da Juma'a take motsawa. Suwaiba ta gwada koyon tuƙi, ta faɗi jarrabawa, ta sake faɗuwa, ta haƙura. Sanda kuwa keke ne abin hawansa zuwa aiki, rani da hunturu.

Hunturun ne ke haɗa su faɗa. Zai fita gari bai waye ba, ya dawo gari ya yi duhu tun la'asar, ya tsaya a ƙofa yana ɗigar da ruwa. Rigar ruwa ruwan ɗorawa a jikin ƙofa, wandon ruwa a kan matakala, safar hannu a kan hita tana tururi, gidan duk ya ɗauki warin roba.

"Injiniya, wai nan gida ne ko kududdufi?"

"Ruwan Allah ne, Suwaiba."

"To ai ba a ce ka kwaso mini shi har falo ba."

Sai ya yi murmushi ya ɗauki tsumma ya goge da kansa. Yana da ƙa'idojinsa: ba ya sa rigar auduga a jikin fata don tana riƙe gumi ta sanyaya mutum, safar hannu biyu yake ɗauka don ta safe ba ta bushewa kafin yamma, fitila kuma gaba da baya ko da rana tsaka. Abokinsa Maharazu, akanta ne mai son babbar mota, kullum sai ya tsokane shi a ƙofar masallaci.

"Injiniya, ka rufa mana asiri. Mutane za su ce Hausawan Manchester sun kasa riƙe ɗan'uwansu."

"Ka zo mu yi tsere gobe da safe," in ji Sanda. "Kana cikin traffic zan isa ofis in sha shayi."

Akwai wata tafiya da ya daɗe yana ƙullawa. Ya gano cewa mutum zai iya tashi daga Manchester a kan keke, ya bi gefen kanal daga wannan zuwa wancan, har ya ɓulla Selly Oak, kusan ba tare da ya haɗu da mota ba. Kwana uku ya yi wa tafiyar lissafi. Yakan shimfiɗa taswira a kan kafet bayan sallar isha'i yana bi da yatsa: Marple, Macclesfield, Kidsgrove, Stoke, Stone, Wolverhampton. Ya san inda za a kwana, ya san inda kanal ke shiga ƙarƙashin dutse dole mai keke ya haura ta sama. Shekara ta zo mahaifiyarsa ba lafiya, ya tafi gida da hutunsa. Wata shekarar annoba ta rufe ko'ina. Da Hanan ta samu gurbin karatun likita a Birmingham, ta kama ɗaki a Selly Oak ɗin da aka yi goyonta, sai zancen ya dawo sabo.

"Mu biyu za mu je," ya ce wa Suwaiba. "Mu ƙwanƙwasa mata ƙofa da taɓo a ƙafafunmu."

"Ni? Da girmana in hau keke? Me zan ce wa matan gari?"

"Sati biyu ya ishe ni in koya miki."

"Ka je kai kaɗai, ni zan same ka a jirgin ƙasa da tuwo a kula."

Wata safiya a watan Janairu ya sauko ya shirya, ya sa wandon ruwa, ya zauna a kan matakala zai ɗaura takalmi. Suwaiba na kicin ta ji shiru ya yi yawa. Da ta leƙo sai ta gan shi ya jingina da bango, igiyar takalmin a hannunsa na hagu, na dama ya saki. Gefen bakinsa ya karkace. Yana kallonta yana son magana, ba abin da ke fita. Nas ce, ba ta buƙaci a gaya mata ba. Ta kira motar asibiti, ta durƙusa ta riƙe kansa tana kiran sunansa na yanka, wanda tun da aka yi aurensu ba ta taɓa faɗa a gabansa ba.

Ya rayu, amma ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta tafi. Masu zuwa dubiya suka yi ta cewa keken nan ne, sanyin nan ne ya shige shi. Likitoci suka ce hawan jini ne, irin wanda ya kwantar da mahaifinsa. Suwaiba ba ta yi wa kowa gardama ba. Hanan ta zo ta ce za ta ajiye karatu na shekara guda, uwar ta ce in ta yi haka ba ta yafe ba, ta sa ta a jirgi ta koma.

Daga asibiti aka mayar da shi wata cibiyar gashin jiki da koyon tafiya a can gefen gari. Daga wajen aikinta bas biyu ne, kuma akwai lokacin da ake rufe ƙofa ga masu ziyara. Takan tashi aiki da gudu, ta tsaya a tasha cikin yayyafi, bas ya zo a cike ya wuce. In ta isa, sai ta tarar saura 'yan mintoci. Wata rana ta isa an riga an rufe. Ta zagaya ta gefen ginin, ta hango shi ta taga a kan keken guragu, an juya shi yana fuskantar ƙofar ɗakin, yana jira. Ta ƙwanƙwasa gilashin, bai ji ba. Ta tsaya har wata ma'aikaciya ta zo ta tura shi ciki.

Maƙwabciyarta Celestina ce ta tsince ta a tashar bas ɗin unguwa a ranar, tana zaune ba ta da niyyar tashi. Celestina haifaffiyar Moss Side ce, iyayenta daga Jamaica suka zo, ta yi ritaya daga aikin gidan waya, ranar Asabar kuma tana koya wa mata keke a filin shaƙatawa na unguwa. Ta saurari labarin, sannan ta ce mata da Turanci:

"Wurin nan da kike zagaye gari kafin ki isa, a keke bai kai rabin awa ba. Akwai tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka mayar ta kekuna, ba mota ko ɗaya. Ki zo ranar Asabar."

"Ban iya ba. Na tsufa."

"Na koya wa mai shekara saba'in. Ki zo da safar hannu."

Keken Sanda ya fi ƙarfinta, ƙafarta ba ta kai ƙasa. Celestina ta ba ta aron wani ƙarami marar sandar tsakiya, ta kwance fedojin, ta ce ta riƙa tura shi da ƙafa kamar yara. Suwaiba ta yi ta ja da ƙafa a kan ciyawa, kunya kamar ta nutse, tana waige ko akwai wanda ya san ta. Da aka mayar da feda ta faɗi ya fi a ƙirga. Sarƙa ta cafke mata abaya ta yage ta har gwiwa. Ta koma gida ta ɗauki almakashi ta daidaita yagewar, ta kalmashe bakin, ta ɗauko wandon ruwan Sanda ta naɗe ƙafafun. Rigarsa ma ta ɗauka, ta ninke hannayen.

Ranar da ta fara zuwa cibiyar a kan keke ana tsuga ruwa. Ta isa da sauran lokaci mai yawa, tana haki, cinyoyinta na rawa. Ta shiga ɗakin da hular kwanon a kanta don ta manta ta cire. Sanda ya ɗago ya dube ta, ya dubi rigarsa a jikinta. Wani sauti ya fito daga ƙirjinsa, ta ɗauka shaƙewa ya yi, ashe dariya ce. Yana dariya hawaye na bin gefen fuskar da ba ya motsi. Sannan ya nuna ƙafarta da hannun hagu. Takalmin yadi ne a ƙafarta, ya sha ruwa. Ya yi ta kokawa da harshensa, jijiyoyin wuyansa suka tashi.

"Le... leda."

Kalmar da ya fara faɗa mata ke nan tun ranar matakala. Ta zauna a bakin gado ta kifa kanta a cinyarsa.

Labari bai daɗe ba ya zagaya. Hajiya Raki, matar wani likita wadda ita ce kamar uwa ga matan Hausawan garin, ta kira ta a waya.

"Maman Hanan, wai an ce an ga wata kamar ke a kan keke."

"Ba kama ba ce, Hajiya. Ni ce."

"Haba dai. Ga miji a kwance, ke kuma ki je mota ta kwashe ki? Kuma ki duba shekarunki. Bari in sa Usama ya riƙa kai ki."

Usama ɗan Hajiya ya kai ta sau biyu, sannan aka canza masa lokacin aiki. Hajiya Raki ba ta sake tayar da zancen ba, kuma ba ta fasa aiko da miya duk Lahadi ba har ƙarshe. Wasu matan dai sun ci gaba da magana. Suwaiba ta ji, ta ci gaba da fita.

Hunturun nan ya koya mata abin da ta yi shekaru tana gani a ƙofar gida ba ta kula ba. Ta san yadda yatsu ke mutuwa har mutum ya kasa matsa birki. Ta san zafin da suke yi in jini ya fara dawowa, zafin da ke sa babba hawaye. Ta gane hijabi mai kauri in ya jiƙe sai ya kwana bai bushe ba, ta koma sa marar nauyi, da wani a jaka. Wata safiya ƙanƙarar da ba a gani ta kwashe tayar gaba a wata kwana, ta faɗi a kan kwatangwalo, ta yi sati tana sallah a zaune. Ba ta gaya wa Hanan ba.

Da sanyi ya fara sauƙi aka sallamo Sanda. Ma'aikatan ƙaramar hukuma suka sa ƙarfen dafawa a banɗaki, aka sauko da gado falo, aka samo mai kula da shi a lokutan da take wajen aiki. Matar da ke koya masa magana ta ce a riƙa yi masa hira a kan abin da yake so. Suwaiba ta ɗauko taswirar nan ta shimfiɗa masa a kan tebur. Ya ɗora yatsa. Furta sunan Marple ya ɗauke shi kwanaki. Macclesfield ya gagara, sai ya riƙa cewa "Mak" yana buga tebur don haushi. Stone ya zo masa da sauƙi, ya yi ta maimaita shi.

Ita ce ta kawo shawarar ta riƙa zuwa tana dubo masa hanyar. Ranar Asabar Maharazu zai zo ya zauna da shi, ya yi masa aski, ya karanta masa labaran gida. Tun da abin ya faru bai sake yin wasan keke ba, kuma bai taɓa fashin Asabar ba. Ita kuwa sai ta sa keke a jirgin ƙasa, ta sauka a wani gari, ta bi gefen ruwa zuwa na gaba, ta dawo kafin magariba. Tana shigowa Sanda zai nuna kujera, ko rigar ruwa ba zai bari ta cire ba.

"Ruwa?"

"Ya cika, Injiniya, har yana taɓa ciyawa. Kore-kore ne a wajen."

"Gada?"

"Wannan ta Marple ɗin da kake faɗa, na gan ta. Ruwa a sama, kogi a ƙasa can nesa. Ban iya leƙawa ba, sauka na yi na tura."

Ta koyi kallo saboda shi. Zalɓe a tsaye da ƙafa ɗaya, tsohuwa tana shanya a saman jirginta, yadda mutum ɗaya ke tura ƙatuwar ƙofar ruwa da bayansa. Duk abin da ta gani sai ta adana shi, tana shirya yadda za ta faɗa tun a hanya. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana ba ta labarin ruwa tana hamma, yanzu shi ke saurare, idanunsa a kan bakinta.

Celestina ta kai su wani fili inda ake da kekuna masu ƙafa uku na mutum biyu, a zauna kafaɗa da kafaɗa. Aka ɗaure ƙafar Sanda ta dama a kan feda, ya tura da ta hagu, Suwaiba na riƙe da kan keken. Suka zagaya filin, iska na bugun fuskarsa. Da suka tsaya ya ɗaga hannu ya nuna kudu.

"Birmingham."

"In sha Allah," ta ce.

Ta san ba zai yiwu ba. Ta ga hanyar da idonta: ƙarƙashin gadoji inda mutum ɗaya ma sai ya sunkuya ya raɓa, matakalai, shingayen ƙarfe da ko kekenta sai ta karkata shi. Keke mai faɗin mutum biyu ba zai wuce ba. Sai ta riƙa tsallake waɗannan a labarinta. Wata Asabar tana ba shi labarin agwagi, ya miƙa hannu ya karɓi wayarta, ya yi ta tura hotuna har ya tsaya a kan wani da shinge ya fito a gefe. Ya buɗe yatsu biyu ya auna faɗinsa a kan gilashin. Ya daɗe yana kallo. Ya ajiye wayar.

"Ke," ya ce. "Je ki."

"Ba inda za ni ba kai."

"Ke."

"Na ce ba za ni ba! Ni na ce ina son zuwa wani Birmingham a keke? Ba don kai ba me zai kai ni bakin ruwa?"

Ta tashi ta shige kicin ta buɗe famfo don kar ya ji kukanta. Da ta dawo ya ninke taswirar da hannu ɗaya, ninkin bai daidaita ba. Ba su sake buɗe ta ba.

A hunturu na biyu, cikin Fabrairu, ciwon ya sake bugunsa. Tana wajen aiki mai kula da shi ta kira. Ta hau keke ana zubo ruwa haɗe da ƙanƙara, ta iso ana fitowa da shi. Ta shiga motar asibitin da kayan ruwanta a jiki, keken ta bar shi yashe a bakin ƙofa, Celestina ce ta shigar da shi. Bai farfaɗo ba. Ranar Alhamis da hantsi ya cika, Hanan na riƙe da hannunsa na hagu, Suwaiba na yi masa kalmar shahada a kunne.

A Manchester aka binne shi. Maharazu ya dawo daga maƙabarta da taɓo har idon sawu, ya tsaya a ƙofar falo ya ce, "Hajiya, mun kai shi." Yayanta Bara'u ya kira daga Ɗambatta ya ce in ta gama takaba ta tattaro ta dawo gida, zaman me za ta yi ita kaɗai a ƙasar sanyi. Ta ce to, Yaya, za ta duba.

Ta yi takabarta a gidan. Aka zo aka ɗauke gadon falo, wurin ya bar alama a kan kafet. Da ta fita ta koma aiki. Ba ta ce wa kowa komai game da tafiyar ba sai a watan Oktoba, lokacin da ta ɗauki hutu ta roƙi Celestina aron jakunkunan da ake ratayawa a gefen keke. Celestina ta ce za ta raka ta. Ta ce a'a. Ta naɗe kayan sawa a leda, ta sa dabino da kilishi, sallaya, famfo da kayan faci. Ta kira Hanan ta ce ta saurare ta ranar Laraba.

Ranar farko lafiya lau, hanyar da ta sani ce. Rana ta biyu ruwa ya sauko tun safe bai ɗauke ba. Hanyar ta zama taɓo, taya na zamewa. A Kidsgrove ta tura keken ta haura tudun da ruwa ke ratsawa ta ƙarƙashinsa, numfashinta kamar zai ɗauke. Bayan ta wuce Stoke ƙaya ta huda tayar baya, don an yi wa shingen itatuwa aski an bar ƙayoyin a hanya. Ta juya keken ta cire tayar kamar yadda aka koya mata, ta yi facin, amma yatsunta suka ƙi mayar da robar. Ta yi ta fama har farcenta ya fashe. Wani dattijo ya fito daga jirginsa ya karɓa ya mayar mata, matarsa ta miƙo mata shayi. Ya tambaye ta ina za ta, ta ce Birmingham. Ya ce ita kaɗai? Ta ce ita kaɗai.

Ta kwana a Stone. Da safe ruwa ya ɗauke. Ta yi sallah, ta sa kayanta da ba su gama bushewa ba, ta tura keken zuwa bakin kanal. Hazo ya kwanta a kan ruwan, rana na ratsa shi, wani jirgi ja yana fitowa daga ciki a hankali, hayaƙi na tashi daga bututunsa. Ta tsaya tana kallo, sai ta ji bakinta ya fara shirya yadda za ta faɗa: jirgin ja ne, Injiniya, da tukwanen fure a samansa. A nan ta tsaya. Ta daɗe a tsaye da hannu a kan birki. Sannan ta juya keken ta tambayi wani mai yawo da kare hanyar tashar jirgin ƙasa.

Kafin azahar tana ƙofar gidan su Hanan a Selly Oak. Hanan ta buɗe, ta dubi agogo, ta dubi uwar.

"Umma! How? Ai sai yamma kika ce."

"A jirgi na zo."

"Wani abu ya faru? Kin faɗi?"

"Ban faɗi ba. Matsa in shigo."

Hanan ta zaunar da ita a bakin gado, ta cire mata takalmi, ta kawo ruwan ɗumi a roba. Tana wanke mata taɓo sai ta ga ƙwaurin uwar, tabo a kan tabo, tsofaffi da sababbi, inda feda ta yi ta sara. Ba ta taɓa ganinsu ba. Ta ci gaba da wankewa kanta a sunkuye.

"Umma, kin yi ƙoƙari fa. Kin yi fiye da rabi."

"Ba gajiya na yi ba," in ji Suwaiba. "Ƙafata lafiya take. Gani na yi in na ƙarasa ma, wa zan ba labari?"

Hanan ta ɗago. Hausarta ba ta da yawa, sai ta ce da bazara za su koma Stone su biyu su ƙarasa tare. Suwaiba ta ce Allah ya kai mu. Ta kwanta a gadon 'yarta ta yi barci har la'asar ta kusa wucewa.

Bazara ta zo aka tura Hanan aikin koyo a wani asibiti mai nisa, ba a yi tafiyar ba. Suwaiba ba ta tuna mata ba. Bara'u yana kira duk wata, tana ce masa sai yarinyar ta gama. Gwiwarta ta dama ta fara damunta, GP ɗin da take aiki a wajensa ya ce ta rage hawan tudu. Ta ce masa hanyarta ba tudu. Ranar Asabar yanzu ba ta zuwa ko'ina. Takan yi wanki, ta dafa abincin da zai kai ta mako, in an jima Celestina ta ƙwanƙwasa bango alamar ta ɗora ruwan shayi, sai ta yafa mayafi ta zagaya.